Zauren Marubuta: Idan Bangaskiyar Tauraron Labari Ta Yi Rawa

Wasiƙun wannan wata kusan duk sun taru a kan abu ɗaya, wato ƙagaggen labarin tarihi na Kirista da yadda za a rubuta mai bin da zuciyarsa ta yi rauni ba tare da an ruɗi mai karatu ba. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Wata malamar firamare daga Kafanchan: Na rubuta labari mai babi 14 a kan matar wani mai bishara a shekarun 1940. 'Ya'yanta biyu sun mutu a damina ɗaya, ta daina addu'a. Ƙawata ta karanta ta ce wa'azi take ji, matar fastonmu kuma ta ce shakkar ta yi yawa, za ta sa raunana tuntuɓe. Wa zan saurara?

Amsa: Malama, ciwo ɗaya suka nuna miki, kowacce daga gefenta. Idan shakkar tauraruwarki a baki kawai take, ta cika shafi uku tana tuhumar Allah, sannan wata dattijuwa ta zo ta cika wasu shafi uku da ayoyi, to ƙawarki za ta ji wa'azi, matar fasto kuma za ta ga an tara wa masu karatu hujjojin barin sujada. Maganin shi ne ki ɗauke shakkar daga bakin matar ki mayar da ita hannunta.

Ki samu takarda ki jera abubuwan da take yi saboda bangaskiyarta kafin rasuwar yaran. Addu'ar asuba kafin ta hura wuta. Waƙar da take rerawa a kan dutsen niƙa. Dami ɗaya cikin goma da take warewa na zakka lokacin kaka. Sharar majami'a ran Asabar da yamma. Zama a gaba ran Lahadi, tunda matar malam ce. Abu shida ko bakwai sun isa. Ki nuna su duka a babi biyu na farko, a hankali, ba tare da sharhi ba. Bayan mutuwar sai ki riƙa zare su ɗaya-ɗaya, kuma tsarin zarewar yana da muhimmanci: na ɓoye su fara tafiya, na fili su zama na ƙarshe. Addu'ar asuba za ta fara faɗuwa domin ba mai ganinta. Waƙar niƙa ta biyo baya, kuma maƙwabciya ce za ta lura gidan ya yi tsit. Zaman gaba kuwa ba za ta iya barinsa ba, domin ɗakin da take kwana na mishan ne, abincin gidan kuma daga aikin mijinta yake fitowa. Saboda haka za ta zauna a gaba, leɓɓanta suna motsi tare da jama'a, murya ba ta fita. Wannan fitowa guda ta fi shafi ukun nan nauyi.

Abu na biyu, ki duba irin shakkar da kika ba ta. Kuskuren da ya fi yawa a irin wannan rubutu shi ne a ɗauki tambayar ɗalibin jami'a na yau a sa a bakin matar ƙauye ta 1940. Da wuya irin wannan mata ta ce babu Allah. Tambayarta ita ce wane iko ne ya fi kusa da ita, kuma wa ya ci yaranta. Gwaggonta za ta zo gaisuwa ta raɗa mata cewa ruwa ba ya tsami banza, akwai mai duba a ƙauyen gaba. Jarabar ke nan: tafiyar rabin yini, kaza ɗaya, da ƙaryar da za ta yi wa mijinta cewa kasuwa za ta. Idan ta je aka gane, dattawan ikilisiya za su sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta Jibin Ubangiji, a mayar da ita bencin baya. Yanzu shakkar ta sami farashi, mai karatu kuma ya san abin da yake tsoro.

Game da zubi, a labari mai babi 14 kada mutuwar ta wuce babi na 3 ko na 4. Mafi munin halinta ya zo wajen babi na 10 ko na 11. Masu ta'aziyya kuma kada duk su zo da amsa daidai. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a zaune shiru, da suka buɗe baki suka yi ta bayani mai kama da gaskiya, a sura ta 42 Allah ya tsauta musu. Ki ba tauraruwarki irin waɗannan, mutanen kirki masu ƙaunarta waɗanda maganarsu ke ƙara mata ciwo. Mijinta ma ɗaya ne daga cikinsu, shi da ya binne 'ya'yansa ran Alhamis ya hau bagade ran Lahadi.

Matar fasto kuwa, ki je mata da ladabi da Littafi a hannu. Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu, babu ko aya ɗaya ta ta'aziyya a ƙarshenta. Irmiya ya la'anci ranar haihuwarsa a sura ta 20. Yohanna Mai Baftisma ya aiko daga kurkuku yana tambaya ko Yesu ne mai zuwan ko a sa ido ga wani. Uban yaron nan na Markus 9:24 ya furta bangaskiya da rashinta a numfashi ɗaya. Ba a goge ko ɗaya daga cikinsu ba don gudun tuntuɓen raunana.

Wani ɗalibi daga Zariya: Ina so in rubuta labari a kan ƙauyen Kirista na Gimi da ciwon barci ya watsa. Daga ina zan fara, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Ɗan'uwa, ka zaɓi fage mai albarka. Ga ƙashin bayan tarihin. Dokta Walter Miller na CMS, mishan ɗin ɗarikar Angalikan daga Ingila, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya umarce su su bar garin. A 1905 Miller ya zauna a cikin birnin Zariya. Wajen 1913 ya haɗu da mutanen da ake kira Isawa ko Bani Isra'ila, zuriyar almajiran Malam Ibrahim, wani malamin Kano na ƙarni na 19 wanda ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a karantarwarsa. Waɗanda suka karɓi bishara daga cikinsu suka taru a Gimi, a ƙasar Zazzau, wani limamin Kirista ɗan tsibiran Karibiyan mai suna W. A. Thompson yana kula da su. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, sauran suka koma Zariya. A 1929 mishan ya tashi zuwa Wusasa, inda majami'ar St. Bartholomew ta ginin ƙasa take tsaye har yau.

Ka dubi inda ƙullin yake. Mutane ne da iyayensu suka sha wuya suna jiran wanda zai zo ya ƙara musu bayani a kan Isa. Ya zo, sun taru, sun gina gari, sai mutuwa ta bi su gida-gida. Danginsu da ba su bi su ba za su ce ga sakamakon barin hanya. Kuma a idon wanda yake tsaye a bakin kabari na biyar, maganar ba ta yi kama da ƙarya ba. Ba ka buƙatar ƙirƙiro wata shakka daga waje.

Sai ka san ciwon da kyau, domin shi ne zai tafiyar da labarin. Ƙudan tsando ne ke ɗauke da shi. Yana zama a kurmin bakin rafi, da rana yake cizo, don haka masu ɗebo ruwa da masu wanki da masunta su ne a gaba. Irin wanda ake samu a Afirka ta Yamma ba ya kisa da sauri, yakan ɗauki watanni har shekara biyu ko uku. Da farko zazzaɓi ne mai zuwa ya tafi, ciwon kai, ƙaiƙayi, da kaluluwa a bayan wuya. Mutum yana noma, ana cewa shawara ce ko zazzaɓin damina. Idan ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa sai hali ya sauya. Mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai kunya ya riƙa sakin baki, barcin dare ya ƙaurace, na rana ya yi yawa har mutum ya yi gyangyaɗi da lomar tuwo a baki. Daga nan rama, sai dogon suma, sai mutuwa. Ka ɗauki dattijon da kowa ke koyi da shi a ƙauyen, wanda ya koya wa tauraronka karatu, ka sa ciwon ya mayar da shi mai zagi a tsakiyar sujada. Tambayar da za ta dami tauraron ita ce, in ƙuda ɗaya zai iya rushe halin mutumin Allah haka, to wannan halin na wane ne tun farko? A ganinmu nan ne zuciyar littafin.

Magani ma ka kiyaye shi. Turawa sun san tun 1903 cewa tsando ke yaɗa ciwon, amma magungunan da suka yi tasiri sai a shekarun 1920 suka bazu. Wanda ake da shi kafin nan, atoxyl, na sinadarin asanik ne, yakan makantar da wasu. Aikin sare kurmi da sake tsugunar da jama'a na yankin Ancau kuwa sai ƙarshen shekarun 1930. Kada ka kawo allurar da za ta ceci kowa a babin ƙarshe.

Abubuwan da kan tona asirin marubuci ƙanana ne. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai 1932 ya fito, saboda haka mutumin Gimi ba zai buɗe shi daga Farawa zuwa Ru'ya ba. Littattafai ɗaiɗai ne a hannunsu, wataƙila kwafi ɗaya ga gidaje da yawa, sauran kuma hadda ce. Kuɗinsu wuri ne da anini da kwabo da sule, naira sai 1973. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sabon abu ne da ake zuwa kallo. Yunwar 1913 zuwa 1914 da annobar mura ta 1918 duk sun faɗo a zamanin labarinka, kada ka tsallake su. Mafi girma kuma, waɗannan mutane 'ya'yan malamai ne, da allo da tawada suka tashi. Isa da Linjila da Attaura za su fi saurin zuwa bakinsu, gardamarsu ta zaure ce, ta kawo nassi a kawo nassi. Idan suka yi magana kamar matasan ƙungiyar bishara ta yau, littafin ya mutu.

Wajen bincike ka tuna cewa rahotannin da 'yan mishan suka buga an rubuta su ne don masu ba da taimako a Ingila, saboda haka masu ja da baya ba su cika samun wuri a ciki ba. Ka karanta lissafi maimakon yabo: in bara an ce masu ajin baftisma talatin ne, bana kuma aka yi wa takwas, ka tambayi ina sauran suka shiga. Takardun CMS suna Jami'ar Birmingham, rahotannin Di'o da na haraji da na lafiya kuma suna ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna. In ka je gaishe da tsofaffi a Wusasa, kada ka tambaye su ko kakanninsu sun taɓa shakka, za su ce maka a'a. Ka tambayi wa ya koma wurin danginsa, wa aka binne ba tare da limami ba, wace waƙa ce kaka ba ta son a rera.

Wata mai karatu daga Jos: Ya halatta in sa wa mutumin da ya rayu da gaske, kamar Miller ko Bingham, maganar da na ƙirƙira?

Amsa: 'Yar'uwa, ana yi, amma da iyaka. Kina iya sa shi ya gaisa, ya duba maras lafiya, ya yi faɗa a kan aikin gini. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki ɗora masa zunubi ko ridda ko shakkar da babu shaidarta, domin yana da zuriya ko almajirai, masu karatu kuma za su ɗauka tarihi ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ajiye shi a gefen fage, fitowa uku ko huɗu a duk littafin, ki ɗora nauyin a kan wanda kika ƙirƙira, kamar kuku ko tafinta ko ɗan dako. Ki ɗauki tafiyar farko ta mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission). Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent sun sauka Legas a 1893, a 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida babu tubabbe ko ɗaya. Yaron da ya haƙa kabarin Gowans naki ne, ki sa masa duk tunanin da kike so. A ƙarshen littafi ki ƙara shafi ɗaya da zai bambanta wa mai karatu mutanen tarihi da na ƙirƙira.

Wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki daga Kagoro: Labaran shahidai sun yi yawa. Ina so tauraron nawa ya zama wanda ya yi musun Ubangiji a zamanin Rumawa. Wane zamani ya fi dacewa, kuma ba zan zama mai ɗaukaka ridda ba?

Amsa: Malam, ka tafi Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, shekara ta 250. Ba mu san wani zamani da ya bar wa marubuci kayan aiki a kan wannan jigo kamarsa ba. Sarkin Rum Desiyus ya ba da doka cewa kowa ya yi hadaya ga alloli a gaban wakilan hukuma, a ba shi takardar shaida. Fiye da arba'in na irin waɗannan takardu sun tsira a Masar, na watannin Yuni da Yuli na 250. Tsarinsu kusan ɗaya ne: mai takarda ya bayyana cewa ya saba yin hadaya, yau ma ya zuba ruwan inabi, ya miƙa hadaya, ya ɗanɗana naman, yana roƙon a sa masa hannu. Wakilai su sa hannu, a rubuta kwanan wata. Ka lura dokar ba ta ce a bar Kiristanci ba. Ka yi abin minti biyar, ka karɓi takardarka, ka koma gida ka yi addu'arka. Sauƙin abin shi ne tarkon, kuma dole mai karatunka ya ji wannan sauƙin a jikinsa.

Waɗanda suka faɗi ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda suka yi cikakkiyar hadaya, akwai waɗanda suka jefa turare kawai a wuta, akwai kuma waɗanda suka ba da cin hanci ko suka aiki wani aka rubuta musu takarda ba su taɓa nama ba. Muna ba ka shawarar rukuni na uku, domin shi ne mai iya yi wa kansa bayani. Bai durƙusa ba, bai ci ba, ya ceci matarsa da 'ya'yansa da barorin gidansa, kuɗi kaɗan ya kashe. Shekara guda zai yi yana faɗa wa kansa haka, takardar kuma tana naɗe a cikin tukunya a ƙuryar ɗaki.

Bishop ɗin garin, Sifiriyan, ya rubuta cewa da yawa ba su jira a kama su ba, da ƙafarsu suka ruga dandali, har da masu ɗauke da jarirai, da yamma ta yi aka ce a dawo gobe wasu suka roƙa kada a jinkirta musu. Shi kansa Sifiriyan ɓuya ya yi ya riƙa tafiyar da ikilisiya ta wasiƙa, limaman Roma, waɗanda aka kashe nasu bishop Fabiyan a Janairun 250, suka yi masa gugar zana a kan haka. Ga fitowar da ba za a manta ba: wanda ya sayi takarda a gaban wanda ya gudu, yana neman gafara daga gare shi.

Rabin littafin na biyu ya fi na farko daɗi, domin tsanani ya lafa, Desiyus ya mutu a yaƙi a 251, sai rigimar cikin gida ta tashi. Waɗanda suka sha ɗauri ba su yi musu ba suka fara raba wasiƙun yafewa, wani lokaci ga mutum da dukan iyalinsa, ba tare da izinin bishop ba. A Roma wani limamin ikilisiya mai suna Nobashiyan ya tsaya cewa ikilisiya ba ta da ikon karɓar masu irin wannan faɗuwa. Taron bishop-bishop na Kartaj a 251 ya bi tsakiya: masu sayen takarda a karɓe su bayan tuba, masu hadaya su ci gaba da tuba sai in ajali ya matso. Ana cikin haka annoba ta shiga garin. Shi Sifiriyan kuwa an fille masa kai ran 14 ga Satumba 258 a zamanin Sarki Faleriyan. Tauraronka zai iya tsayawa a cikin taron masu kallo ran nan, da abin da ya taɓa faɗa a kan mutumin da ya gudu.

Kada ka sa su a majami'a mai hasumiya da ƙararrawa, a gidaje suke taruwa. Kada wani ya ce "Matta goma, aya talatin da uku", domin rabon surori na ƙarni na 13 ne, na ayoyi kuma na ƙarni na 16. Zai ce Ubangiji ya faɗa, sai ya kawo maganar da ka.

Batun ɗaukaka ridda kuwa, abin da zai kare ka shi ne kada ka rage wa ɓangare ko ɗaya nauyi. Ka sa a labarin gwauruwar da mijinta ya mutu a kurkuku saboda ya ƙi abin da tauraronka ya saya da kuɗi. Ranar da aka karɓe shi, tana layi ɗaya da shi wajen karɓar gurasa. Ka bar ta ta yi fushinta har ƙarshe in ta ga dama.

Wani dattijo daga Zonkwa: Kakana yana da mata uku lokacin da bishara ta zo. An ce sai ya sallami biyu kafin baftisma. Ya yi shekara ashirin yana zuwa sujada, ya mutu ba a yi masa ba. Jikata tana so ta mayar da wannan labari. Ba tonon silili ba ne?

Amsa: Baba, ranka ya daɗe. Abin da ya sami kakanka ya sami gidaje da yawa, kuma doka ce rubutacciya. A ɗarikar Angalikan, taron bishop-bishop na Lambeth na 1888 ya yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba, sai dai a riƙe shi a ajin koyo, matansa kuma ana iya yi musu a wasu halaye. Yawancin sauran mishan haka suka tafi. Tun kafin nan Bishop Colenso na Natal, a Afirka ta Kudu, ya yi jayayya cewa korar matan zalunci ne, ba a bi shi ba. Sai a taron 1988 aka sassauta, aka yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da matansa masu bi, muddin ba zai ƙara aure ba kuma ikilisiyar wurin ta amince. Shekara ɗari cif tsakanin hukuncin biyu, kakanka kuma a tsakiyarsu ya rayu ya mutu.

Don kare mutuncin gida, jikarka ta sauya sunaye da ƙauye da yawan 'ya'ya, ta kuma karanta wa manyan kowane ɗaki kafin a buga, musamman zuriyar matan da aka so a sallama. Don ingancin labarin kuwa, muna ganin kada ta ba da shi ta bakin kakan. Ta ba da shi ta bakin matar tsakiya. Uwargida ta san ita doka za ta bari, amarya tana da ƙuruciyar sake aure, ta tsakiya ce ba ta da tudun dafawa. Wataƙila ma ita ta fara ba da gaskiya a gidan, ita ta ja mijin zuwa sujada, ga shi ceton da ta roƙa masa yana nufin a mayar da ita gidan ubanta, 'ya'yanta su zauna a hannun kishiya. Ta yi addu'a ya tuba sosai ko ta yi addu'a ya ci gaba da taurin kai? Jikarka ta bi tambayoyin da doka ba ta amsa ba: wa zai mayar da sadaki, wa zai noma gonar da aka yanka mata, ina za ta zauna ran Lahadi. Mai bisharar da ya kawo hukuncin ma kada a mayar da shi mugu. Yaron gari ne, wataƙila ya ci tuwon matan nan uku yana ƙarami, doka aka ba shi ya isar.

Wata ɗaliba daga Maraɗi: Dole ne tauraro ya dawo ga bangaskiya a ƙarshe? Kuma yaya zan nuna maƙwabtansa Musulmi ba tare da na ɓata wa kowa rai ba?

Amsa: 'Yarmu, ba dole ba ne, amma duk ƙarshen da kika zaɓa sai kin biya kuɗinsa tun daga baya. In zai dawo, abin da zai dawo da shi ya kasance an shuka shi a kashi ɗaya bisa uku na farkon littafin, kuma ya dawo da tabo. Wanda ya binne ɗa ba zai koma rera waƙa da muryar da ba. Hanyoyi uku ne suka fi kashe irin wannan labari: mafarkin da ya warware komai a dare ɗaya, warkarwar da ta zo daidai shafin ƙarshe, da baƙon mai wa'azi da ba a taɓa gani ba sai babi na ƙarshe. Ba muna cewa waɗannan ba sa faruwa a rayuwa ba. A takarda dai mai karatu yana ganin hannun marubuci ne ya shigo ya ɗaga tauraron. Ki gwada wannan: ki rufe babin ƙarshe ki ba mutum uku sauran su karanta. In dukansu suka faɗi ƙarshen daidai da kalmominsa, kin yi saurin nuna hannunki. In ba wanda ya yarda da shi bayan ya gani, ba ki shuka shi ba.

Maƙwabta kuwa, ki ba kowannensu sana'a da buƙata da dariya kafin ki ba shi ra'ayin addini. A garuruwa irin su Tsibiri, ko Galmi inda SIM ta buɗe asibiti a 1950, masu bi kaɗan ne a tsakiyar danginsu Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, makoki ɗaya. Wanda zai kawo wa tauraronki hatsi a shekarar fari mai yiwuwa kawunsa ne liman, kuma shi ne zai fi kowa jin zafin fitarsa. Kafin ki kai rubutun maɗaba'a, ki ba Musulmi mai ilimi ya karanta duk inda kika sa nassi ko hukunci a bakin malami, ya gyara miki lafazi da ma'ana. Ki kuma nemi tsohon fasto ya duba miki waƙoƙin sujada da kika ambata, ya tabbatar ana rera su a shekarar da kika sa labarin.